In tsohonku ya kwanta ciwo: abin da za ku yi tun yana da baki, har bayan an tashi daga zaman makoki

Wata bakwai Baba yayi a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ni ne na kusa, don babban yayanmu Hamma yana Yawunde yana kasuwancinsa a unguwar Birketiri, yayarmu Adda tana aure a Yola, sauran kuma duk yara ne. Tun daga lokacin duk wanda tsohonsa ya kwanta a unguwarmu nan Garwa ta Kamaru sai ya biyo ta shagona yace wai ku ya kukayi, to shi yasa nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni tela ne, abin da na gani da idona da wanda malamanmu suka karantar damu shi zan faɗa.

Jana'iza kanta wallahi bata bamu wahala ba. Baba ya cika da hantsi, kafin la'asar har mun dawo daga maƙabarta, mutanen unguwa sun ɗauke mana komai, ko diga ban taɓa ba. Abin da ya wahalar damu sama da shekara shi ne tambayoyin da muka ji kunyar yi masa yana da baki, da takardun da muka ce sai an huce. Shi yasa zakaga na daɗe a kan waɗannan biyun.

Amma bari in fara da jinya tunda ita ce farko. Wanda baya iya juyawa da kansa, musamman mai shanyewar ɓarin jiki irin na Baba, dole a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, dama, baya, hagu, in ba haka ba fata zata ɓare a ƙugu da duwawu da diddige, kuma gyambon kwanciya in ya buɗe a zafin Maris da Afrilu na garin nan da yake wuce digiri 40, rufe shi sai an sha fama. Kullum in kuna goge masa jiki ku duba waɗannan wuraren, in kunga ja wanda baya gushewa to alama ce, a ɗauke nauyi daga wurin. A sa leda a ƙarƙashin zanen gado amma kar ledar ta taɓa fata, a sa filo tsakanin gwiwoyi, in ya jiƙa a canza nan take ko da tsakar dare ne. Abinci kuma a zaune, ku tada shi ku jingina shi sannan cokali kaɗan kaɗan, kunu mai ɗan kauri yafi ruwa tsululu sauƙin haɗiya ga mai irin wannan ciwon, in kunga yana tari ko yana shaƙewa duk sanda ya sha abu ku gaya wa likita, don abin yana iya bi ta hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Maganin hawan jini ko na suga kar a ajiye shi wai don an kawo rubutu ko tofi daga wurin Modibbo, wato malami. A sha rubutun, a sha ƙwayar, babu wanda ya hana wani.

Sannan mutuncinsa. Tsoho yafi jin ciwon a buɗe masa jiki a gaban jikoki fiye da ciwon da ya kwantar dashi. 'Ya'ya maza su yi wa uba, mata su yi wa uwa, a rufe ƙofa, a yi shiru a gama. Ran Juma'a a yi masa aski a yanke farce a sa masa riga mai kyau da hula da turare ko da ba inda zai je, da yamma a fito dashi inuwa ya ga mutane. Kar ku hana abokansa shiga wai zasu dame shi, mu mun lura duk ranar da tsofaffin 'yan goro suka zo suka yi ta tsokanarsa ranar yafi cin abinci.

Kuɗin jinya ku sa littafi tun ranar farko. Wanda ya turo ta Orange Money ko MoMo a rubuta, abin da aka kashe a farmasi a rubuta a ajiye takardar, don na nesa kullum gani yake ya turo da yawa, na kusa kuma gani yake shi kaɗai aka bari da kashi da fitsari, duk su biyun kuma suna da gaskiya. Kuma ku dubi wadda take kwana a ɗakin, yawanci amarya ce ko matar ɗa, kowa ya shigo sai yace ya mai jiki, ba mai ce mata ke kin yi barci kuwa. A raba kwana.

In gigin tsufa ya shigo, ya fara kiran waɗanda suka mutu tun tuni, ko yace a maida shi gida alhali yana cikin gidansa, ko ya ce an sace masa kuɗi, don Allah kar a yi musu dashi, a ce toh Baba za a duba, a kawar da zancen. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Abin da yake bani haushi shi ne in tsohuwa ce nan da nan sai kaji ana raɗe raɗin wai maita ce take tona kanta, matar da ta goya rabin unguwa. Ku sa mata takarda mai lambar waya a bakin zane ko a aljihu, ku gaya wa masu shago da 'yan mashin na bakin layi in sun ganta ita kaɗai su dawo da ita.

To yanzu maganar da take da nauyi. Ba wanda zai iya kallon idon ubansa yace Baba in ka mutu ina kaza yake, ni ma ban iya ba, kuma in ka matsa sai wani a gidan yace gado kake jira. Dabarar ita ce kar kai ka yi, ka samu amininsa ko limamin unguwa ko ƙaninsa, wanda zasu yi maganar kamar hira, da safe bayan ya sha kunu lokacin da hankalinsa yake garau, kai kana gefe da biro da littafi, da shaidu biyu waɗanda ba magada ba. In ya yarda a ɗauki muryarsa a waya ma yafi. Liman yana da ƙofar shiga mai sauƙi, don akwai hadisin Ibn Umar da yake cewa bai kamata musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, kaga ba zancen ka kusa mutuwa bane, zancen sunna ne. Kuma kuyi da wuri, don Baba a wata na biyar harshensa ya karye, yana kallonmu yana so ya faɗi abu ba hali.

Abin da za a tambaya, bashi ne kan gaba, wanda ake binsa da wanda yake bi, da suna da unguwa da adadi. Sai ajiyar mutane da take hannunsa, don tsofaffinmu bankin unguwa ne, kuɗin marayu, takardar filin wani, zinaren wata duk kana iya samu a akwatinsa. Sai adashe, ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Sai gona, wacce tasa ce wacce aro ce wacce jingina ce, mutanen wajen Marwa kun san yadda rigimar gonar karal, ta noman dawar rani, take. Takardun gida da fili ina suke, titir fonsiye ne, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ko takardar sayarwa ce kawai mai hatimin jauro ko lawan, masu unguwa da dagatai. Lambar sirri ta waya. Azumin da ya sha, zakkar da bai fitar ba. Kuma kar ku karɓi amsa rabi rabi. Mu Baba yace mana shanunsa suna wurin mutuminsa, wani bafulatani da suka saba tun a kasuwar shanu ta Adumri, muka ce toh, ba wanda yace waye sunansa, rugarsa tana ina, shanun guda nawa ne, wace alama ce a jikinsu. Kunya ce kawai ta hana. Bayan rasuwa na je Adumri har sau uku ina tambayar dillalai, kowa yace ya san Alhaji, ba wanda ya san mutumin nasa.

Wasiyya kuma ku sani bata wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya. Inda take da amfani sosai kuma mutane basu lura ba shi ne jikoki marayu, waɗanda ubansu ya rasu kafin kakan. In kakan yana da ɗa namiji a raye su basu da gado, to in yana so su samu wani abu sai ta wasiyya, ku tuna masa. Haka wanda ya riƙa tun yana yaro amma ba ɗansa ba. Sannan zancen ai Baba ya bani ɗakin nan tun da daɗewa, kyauta sai an karɓe ta a hannu mai kyautar yana da lafiya take tabbata, wadda aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Akwai takarda ɗaya da in ba a yi ta yana raye ba daga baya sai an sha wuya, takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari. Iyayenmu a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura musu aure da goro da dabino, shikenan. Amma in tsohon yayi aikin kamfani ko na gwamnati yana karɓar fansho, ranar da matarsa zata nemi nata kason a CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, ko a baitulmali abu na farko da za a nema shi ne wannan takardar auren, akt-de-mariyaj, da takardun haihuwar yara. In yana da sauran ƙarfi ku je a yi, a rubuta cewa auren mace fiye da ɗaya ne in haka ne, kowace mata da tata takardar.

In kwana ya ƙare akwai alamu, kuma gara ku san su don kar ku ruɗe. Ci zai ragu har ya tsaya, barci ya yawaita, ƙafafu su yi sanyi, fitsari ya ragu, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro. A nan kar a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu a baki wai kar ya tafi da ƙishi, wanda baya haɗiya shaƙe shi za a yi, a jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a riƙa shafa masa a leɓe. Ku tambayi likitan da yake dubashi kai tsaye, likita in mun kai shi asibiti akwai abin da zai ƙaru ko mu barshi a ɗakinsa, in yana jin zafi kuma a nemi maganin zafin, barin mutum yana murƙususu ba tawakkali bane. In da hali a kwantar dashi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna kusa da kunnensa yana faɗin La'ilaha illallah a hankali don ya ji, ba a tsaya a kansa ana ce, ce, Baba ka ce ba, in ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi sai in ya sake wata magana. Masu kuka da ƙarfi a fitar dasu tsakar gida.

Rai yana fita a shafe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa ka don kar baki ya buɗe, a lanƙwasa gaɓoɓi a miƙe su tun basu sandare ba, a rufe shi da mayafi. A kira nas ko likita ya tabbatar, kar a dogara da ai mun ga ya daina motsi. In a asibiti ne kar ku fita da gawa sai kun karɓi takardar likita mai nuna rasuwar. In hatsari ne ko mutuwar da take da alamar tambaya, sai jandarma ko 'yan sanda sun gani kafin a taɓa. In kuma amai da gudawa ne irin kwalarar da ta yi ɓarna a yankin Marwa a 2010, ku bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan da suturar, gawar tana yaɗa ciwon.

Kafin kowa ya taɓa waya a tsayar da yaran gida, ba status ba Facebook sai an gaya wa na jiki baki da baki. Adda a status ɗin wani yaron maƙwabta ta ga hoton Baba da Inna lillahi, tana tsakar gida tana tankaɗe a Yola, har yau in ta tuna sai ta yi kuka. Mace mai aure a kira mijinta ko uwar mijinta su gaya mata, mai ciki da mai hawan jini a aika mutum takanas.

Kuma ba a jiran na nesa. Wanda yake Yawunde sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan ya hau mota ya sauko falez, gangaren dutsen nan, ya yi sama da kilomita 250 kafin ya iso Garwa, a zafin nan gawa bazata jira shi ba, sunna ma gaggautawa ce. Ku yi wannan maganar tun ana jinya kowa ya yarda, don ranar kar wani yace an binne ubana ban gani ba. Hamma da kansa yace mana a waya ku yi masa sutura kar ku jira ni.

Aiki a raba shi nan take, ɗaya ya je wurin liman da mai unguwa a tsaida lokaci, samari su tafi haƙa kabari da diga da shebur da jarkar ruwa, wani ya nemo itacen rufi, wani makara daga masallaci, wani likkafani. A nan sana'ata ce, farin yadi mara ado, a auna tsawon mamacin a ƙara kamu biyu ta sama biyu ta ƙasa don ɗauri, a yanko igiyoyin daga jikin yadin, ƙyalle uku sun wadatar, wasu suna yin biyar da riga da rawani. Ku fara duba akwatinsa don tsofaffi da yawa sun riga sun sayi nasu sun ajiye, wasu tun daga Makka. Wanka maza su yi wa namiji mata su yi wa mace, miji da mata kuma kowa yana iya wanke ɗan uwansa, Sayyidina Abubakar matarsa Asma'u bint Umais ce ta wanke shi. Mutum biyu ko uku sun isa, masu riƙe sirri. A rufe al'aura, mai wanka ya sa safar hannu ya naɗa ƙyalle, a matsa ciki a hankali a wanke abin da ya fito, a yi masa alwala, sannan a wanke dama a wanke hagu, sau uku ko biyar, wutiri dai, da ganyen magarya ko sabulu, na ƙarshe da kafur. A cire zobe da laya da agogo. Abin da aka gani a ɗakin wanka a ɗakin yake tsayawa.

Salla kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, addu'a ce ga mamaci sai sallama. Ana idarwa, tun mutane basu watse ba, wani babba ya ɗaga murya yace duk wanda yake bin marigayi bashi ko marigayi yake binsa ya ga wane, a ambaci mutum ɗaya da sunansa, a nuna shi. Kar ace ya ga iyali, iyali ba kowa bane. A kabari ta gefen dama yana kallon alƙibla, a kwance ɗaurin, a jera itace a toshe da ganye da ɗanyar ƙasa sannan a tura busasshiya, a tsaya a roƙa masa tabbata. Ka lura da wurin sosai, bishiyar da take kusa, layi na nawa, don damina ɗaya ciyawa zata rufe komai.

Zaman makoki kwana uku ne. Masu zuwa zasu ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, kai dai amin, Allah ya ba da lada, ba sai ka ba kowa labarin yadda ya cika ba. Abinci maƙwabta ne ya kamata su kawo, haka Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar, amma yanzu mun juya abin, gidan da aka yi rashi su ne da sayen buhun shinkafa da suga da ganyen shayi da hayar rumfa da kujeru. Sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa malamai sun saɓa, a gida ɗaya zaka samu ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, ni ba zan raba muku wannan ba, roƙona kawai kar a yi ta a ƙofar gida gaban baƙi. Abin da ba saɓani a kansa shi ne ba a ɗiba daga dukiyar mamaci a yi waina da gumba alhali akwai marayu ƙanana a cikin magada, mai son yin sadaka ya sa hannu a aljihunsa. Kuɗin da masu gaisuwa suke bayarwa mutum ɗaya ya riƙe ya rubuta. Ɗakin marigayi a kulle tun ranar farko a gaban mutum biyu ko uku, ɗaya daga kowane ɗaki in mata biyu ne, a ba wani dattijo makullin. Ba wai ana zargin kowa bane, amma agogo ɗaya in ya ɓata a ranar sai an shekara goma ana maganarsa.

Yanzu takarda, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa, don mu a wurinmu an binne an yi addu'a magana ta ƙare, a wurin hukuma kuwa mutumin yana raye har sai an rubuta. Takardar rasuwa, akt-de-dese, a meri ake yinta ko cibiyar rajista ta kusa, kuma a gyaran dokar da aka yi a 2011 an sa wa'adin kai rahoto kwana 90, in ya wuce sai an bi ta kotu an samo hukunci, da shaidu da kuɗi da zirga zirga. Kar ka jira kwana 90, ana tashi daga zaman uku ka ɗauki katin shaidar marigayi da takardar likita da shaidu biyu masu katinsu ka tafi. Kuma ka tsaya a kan mai rubutun ka duba harafi harafi, sunan ya fito daidai yadda yake a katin, don sunayenmu da rubutun Faransanci kowa yadda ya ga dama yake rubutawa, Usmanu ɗaya zaka ganshi Ousmanou a wata takarda Ousmane a wata Oussoumanou a ta uku, ga kuma tsofaffin da aka rubuta musu ne-ver, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Mu harafi ɗaya ne ya bambanta tsakanin katin Baba da takardar haihuwar autanmu, ni ban duba ba, gyaran ya ci mana watanni. In ka karɓa ka yi kofe da yawa a buga musu tambur, ta asalin kuma kar ka bar ta a kowane ofis.

Daga nan sai taron dangi a rubuce, wanda suke cewa konsey-de-fami, a lissafa magada duka, har da 'yar da take aure a Njamena da ɗan da ya ɓata a Duwala, a zaɓi wanda zai wakilci gida, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta fitar da hukuncin gado, jujman-deredite, bayan wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce a karɓo takardar cewa ba wanda ya ɗaukaka. Da wannan ne banki zai buɗe maka asusu, da shi za a juya sunan titir fonsiye. Shawarata ku fara zama da malamin da ya san ilimin gado ko alƙalin fadar Lamiɗo, a yi rabon shari'a kowa ya gamsu, sannan ku tafi kotu da baki ɗaya. In kuka je kuna faɗa, kotun gargajiya sai kowa ya yarda da ita take sauraro, ɗaya ya ƙi sai a koma babbar kotu, dokar da take rubuce a can kuma bata bambanta ɗa namiji da 'ya mace a rabo, ga lauya ga shekaru.

Tsarin fitarwa kuwa sananne ne, kuɗin sutura, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Sadakin da bai cika wa matarsa ba bashi ne. Kayan ɗakinta da awakinta da keken ɗinkinta nata ne basa shiga rabo. Mata suna da tumuni in akwai 'ya'ya, wato ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu ko su huɗu ne, in babu 'ya'ya rubu'i, iyayensa in suna raye kuma ya bar 'ya'ya kowa sudusi, namiji rabon mata biyu, duk yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12. Kar a ce a bar gida haka don zumunci, gidan gado ba mai gyara masa indararo, kuma kafin a farga wani magajin ya mutu nasa magadan sun shigo lissafi ya ninku. Ko ba za a sayar ba a kimanta, kowa ya san kasonsa a rubuce. Zancen ai 'yan'uwa mata sun yafe kuwa ban yarda dashi ba, yafiyar da aka yi a gaban kawunnai goma kunya ce, a damƙa mata nata a hannu tukuna, in ta kwana dashi ta dawo ta bayar to wannan kyauta ce.

Mai takaba wata 4 da kwana 10 zata yi da lissafin wata, mai ciki kuma sai ta haihu, a gidan mijinta, ba wanda yake da ikon ce mata ta kwashe kayanta ran bakwai. Abin da aka hana ta ado ne, turare, kwalli, lalle, kayan ƙawa, da maganar aure. Amma wanka duk sanda ta so, magana da mutane, zuwa asibiti, fita neman abinci da rana in ba mai yi mata, duk ba laifi, su riƙe wuƙa da wanka sai ran Juma'a da tafiya a hankali kar a taka kabari al'ada ce kawai. Ku sa mata cefane a lissafi kafin a gama rabo. Kuma ku riƙa leƙa ta bayan arba'in, lokacin ne gida yake yin tsit, Inna tace min ranakun makoki bata ma san an yi mutuwa ba saboda hayaniya, sai ranar da ta dama kunun safe ta zuba a kofinsa.

Wayarsa kar ku ba yaro, kar kuma ku bari layin ya mutu, a riƙa sa masa ɗan kati ana yin kira dashi lokaci lokaci don kamfani yana rufe layin da aka daɗe ba a amfani dashi. Kuɗin da yake ciki na magada ne, a cire a gaban shaidu a rubuta a littafin nan. Ta wayar Baba mutum biyu suka kira da kansu, basu ma ji rasuwar ba, ɗaya daga Kusiri ɗaya daga Mubi, suka ce akwai kuɗin goronsa a wurinsu, na Mubin jaka 80 ya aiko. Mai shanun dai har yanzu bai kira ba, wayar tana nan cikin durowar kekena tare da zare da allura, duk ran Juma'a nake sa mata caji.